Kalma Ɗaya a Gwangwanin Biskit

Shekara goma sha tara na yi ina guga a otal ɗin, ban taɓa ƙona rigar baƙo ba. Ba cika baki nake yi ba, duk wanda ya taɓa saukowa ɗakin wanki ya sani. Ɗakin yana can ƙarƙashin bene: injinan wanki huɗu, na busarwa biyu, teburan guga uku, da wata fanka da ba ta juyawa sai ranar da ta ga dama. Ni ce kuma ke tura keken kaya in hau sama in karɓo na baƙi, in na gama in mayar musu. Yawancinsu ba su jin yarena, ni ma ba na jin nasu, amma ba mu taɓa samun matsala ba. Baƙo ya nuna mini tabo, in gyaɗa kai. In nuna masa agogo in ɗaga yatsu huɗu, ya gyaɗa nasa. Kafin ƙarfe huɗu rigarsa na rataye a ƙofar ɗakinsa.

Sai aka sayar da otal ɗin. Sababbin masu shi suka turo wata manaja mai takalmi mai tsini, tun daga hawa na biyu ake jiyo tafiyarta. Ranar wata Litinin ta tara mu a ɗakin cin abincin ma'aikata, ta ce duk wanda aikinsa ke haɗa shi da baƙi sai ya yi jarrabawar Turanci, ta baki, minti goma, nan da sati biyar. Wanda ya ci ya ci gaba da aikinsa, wanda ya faɗi a sallame shi. Ta ce kada kowa ya tayar da hankalinsa, an ɗauko malama da za ta riƙa koya mana kullum daga ƙarfe biyar zuwa shida da rabi, bayan an tashi. Aka raba mana takarda mai shafi biyu, jimloli ashirin da biyar: gaisuwa, sunanka da aikinka, lambar ɗaki, lokacin da kaya za su dawo, da yadda ake ba baƙo haƙuri.

Ni a aji huɗu na firamare na tsaya. Ina karanta yarena a hankali, Turanci kuwa sai dai in kalle shi ya kalle ni. Abokiyar aikina, wadda teburinta ke kusa da nawa, Rediyo muke ce mata saboda ba ta da maɓallin kashewa. Ta leƙa takardar ta ce, "Ashirin da biyar kacal? Ai ko aku aka ba wa sati biyar ya haddace. Ki kwantar da hankalinki, uwar guga."

Da na bi ta tata, da yau ina bakin teburina.

A gida mu uku ne. Ni, da maigidana wanda direban babbar mota ne, in ya fita sai ya yi kwana huɗu ko biyar, da mahaifinsa, Baba Malam. 'Yarmu tana makarantar kwana. Baba Malam ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci a sakandare kafin ya yi ritaya. Wata takwas ke nan da rasuwar Mama, matarsa, kuma tun daga ranar ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Ya daina kunna rediyo, ya daina sayen jarida. In kai masa abinci, in dawo in ɗauki kwano, cokali biyu ya ci ko uku. Wandunansa sai da na rage musu ƙugu sau biyu. Mun kai shi asibiti, likita ya auna ko'ina ya ce bai ga komai ba, sai ya ba shi maganin barci da na ƙarin jini.

Kuskurena shi ne na ɗaga murya. Da yammar Litinin ɗin ina tsakar gida ina ba maigida labari a waya, ina ta mita, ban san tagar Baba a buɗe take ba. Ina kashe wayar na ji ƙarar ƙofa. Baba ne tsaye, ya dafa bango.

"Amarya," ya ce. Shekara ashirin da ɗaya da aurena, amma a bakinsa har yau Amarya ce ni. "Me kunnena ke jiye mini? Turanci ake nema a gidan nan, aka tsallake ni aka tafi waje?"

Na ce, "A'a Baba, wai dama a wurin aiki ne za a koya mana."

"Kawo in gani."

Na miƙa masa takardar. Ya sa tabarau, ya matsa wajen haske, ya karanta shafin farko, ya juya. Sai ya koma ɗaki ya fito da jan biro. Rabon da in ga Baba ya yi sauri haka tun Mama na da rai. Ya ja layi nan, ya zagaye can, ya yi tsaki.

"Wannan ba koyarwa ba ce, kiwon aku ne. Su cusa miki magana a baki, ranar da baƙo ya kauce daga takarda ki tsaya kina zare ido. Gobe ƙarfe biyar ki same ni a baranda. Ni zan koya miki Turanci na gaskiya."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. A ranar ya cinye abincinsa tas, har ya ce ko akwai saura.

Washegari na ce bari in yi masa kara, rana ɗaya ce, in ya so gobe in shiga ajin otal. Na dawo na tarar ya jera kujeru biyu a baranda, ya sa farar riga, ga ƙaramin allo da alli, ga wani tsohon gwangwanin biskit a kan cinyarsa. Ya buɗe shi da hannu biyu. Katuna ne a ciki, a jere a tsaye, an yanke su daga kwalayen sabulu da na magani, kowanne da lamba a kusurwa.

Ya rubuta haruffa uku a allo: get.

"Bature ba ya son wahala," in ji shi. "Yana da wasu 'yan kalmomi da yake aika su ko'ina, wannan ce babbarsu. Da ita yake samu, da ita yake saye, da ita yake isa gari, da ita yake tashi daga barci, da ita yake kamuwa da mura, da ita yake warkewa. Har aure da ita yake yi. Wanda ya kama ta ya kama rabin Turanci. Shekara talatin ina bin ta a jarida da rediyo da littattafai, na samo mata ma'ana sittin da huɗu. Kati biyu a rana, kwana talatin da biyu mun gama, sauran kwana uku mu yi bita."

Na ce, "To Baba, gaisuwa fa? Da lambar ɗaki?"

"Waɗannan da kansu za su zo. Kunne tukuna, baki daga baya. Wanda ya yi saurin buɗe baki, kuskurensa yake haddacewa."

Ga yadda darasin yake. Zai ɗauki kati, ya faɗi lambarsa, ya yi mini bayanin ma'anar da yarenmu, ya karanta misalai. Lamba ɗaya, samun abu. Lamba biyu, karɓar abin da aka aiko maka. Lamba bakwai, ɗauko wa wani abu. Lamba goma sha biyu, isa wuri. Bayan haka sai ya rufe katin, ya faɗi jimla da Turanci, ya nuna ni da alli ya ce, "Lamba nawa?" Ni kuma in amsa, da Turanci, don ƙirga kam ya koya mini. Abin da aka yarda in faɗa ke nan, lamba. In na dace ya buga ƙafa ya ce, "Madalla, ɗaliba!" In na kuskure ya rufe ido kamar na taka masa yatsa.

Ranar Laraba na tsaya ajin otal. Malamar mai kirki ce, ta sa mu bibbiyu, wannan baƙo wannan ma'aikaci, muka yi ta maimaita gaisuwa muna dariya. A awa ɗaya da rabi na fito da jimla uku a bakina. Na iso gida wajen ƙarfe bakwai, duhu ya fara. Baba yana baranda, cikin farar rigarsa, kujera ta biyu a gabansa ba kowa, gwangwani a cinya.

"Sannu da zuwa, Amarya," ya ce. "Aiki ya yi yawa ko?"

Ya tattara allonsa ya shiga ɗaki. Da na je ɗauko kwano, yadda na kai shi haka na same shi.

Na yi ta neman dabara. Na ce mu mayar da darasin ƙarfe bakwai, amma in rana ta faɗi idonsa ba ya ganin rubutun katin ko da fitila, kuma maganin likita na saukar masa da barci da wuri. Da safe kuwa ƙarfe shida nake fita. Lokaci ɗaya ne tak a rana, mutum biyu ke nemansa.

Da maigida ya dawo daga tafiya na tare shi a kicin na ce, "Aikina fa zai tafi. Abin da Baba ke koya mini ba shi za a tambaya ba."

Ya leƙa baranda. Baba na can yana goge allo, yana 'yar waƙa a ƙasa-ƙasa. Maigida ya daɗe yana kallonsa.

"Kin ga kumatunsa kuwa? Jiya da kansa ya kira ni a waya. Wata takwas bai taɓa kirana ba."

"Na gani. Ni nake dafawa, ni nake ɗauke kwano. Amma ka yi masa magana, ka ce ya bari sai bayan jarrabawa."

"Ke ki gaya masa mana, ai ke ce ɗalibar."

"Ni? Mahaifinka ne fa."

"To shi ya sa ba zan iya ba," in ji shi. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Na ji haushinsa ranar, har yanzu ma ban gama hucewa ba. Amma ba zan ɗora masa duka ba, don ni ma bakina a jikina yake.

Na daina zuwa aji. Na karɓi wata takardar a ofis na ɓoye a aljihun rigar aiki, na ce Rediyo ta riƙa koya mini muna guga. To, inji huɗu na ruri, tururi na tashi, ga shi watan da ake yawan taro a otal ne, zannuwan gado kamar a yi kuka. Rediyo kuma yadda ta faɗi jimla da safe daban, yadda za ta faɗe ta da rana daban. In na ce, "Ɗazu ba haka kika ce ba," sai ta ce, "Duk ɗaya ne, ke dai ki faɗa da ƙarfi ki yi murmushi." Wata rana na yi ƙarfin hali na gwada ɗaya a gaban Baba, wadda ake cewa kayanka za su dawo ƙarfe huɗu. Ya rufe ido. Ya ɗauki alli ya warware ta gunduwa-gunduwa, ya nuna mini kuskure uku, ya kawo hanyoyi biyar da suka fi ta kyau. Kafin ya gama, ɗayar da na zo da ita ma ta gudu. Daga ranar duk lokacin da na buɗe baki zan yi Turanci sai in ga fuskar Baba da ido a rufe, sai maganar ta koma ciki.

Abin haushin shi ne, darasin nasa da daɗi. Baba malami ne na gaske. In zai koya mini tashi, sai ya tashi. In shiga mota ne, sai ya ja kujera ya zauna ya riƙe sitiyarin da babu. Kowane kati da labarinsa: wannan a rediyo ya ji ta shekarar da aka haifi maigida, waccan wani ɗalibi ne ya kawo masa ita a jarida yana so ya ƙure shi. Saboda labaran nan kati biyu a rana ya koma ɗaya, wani lokacin ma rabi. Kunnena kuma ya buɗe, ba ƙarya. Ina tura keke a hawa na uku sai in ji baƙo yana waya, kalmar ta wuce, kaina ya ce, goma sha biyu. Wata ta yi wa mijinta faɗa, kaina ya ce, ashirin da uku, wato bai gane ba. Ina sanin lamba, amma in baƙon ya juyo ya yi mini magana sai in nuna agogo in ɗaga yatsu huɗu.

A sati na uku na yanke shawara. Tun a mota nake shirya maganar: Baba, ka yi haƙuri, sati biyu kawai, in na gama jarrabawa mu ɗora daga inda muka tsaya. Na zauna a kujerata, na gyara murya. Shi kuma ya zaro kati na talatin da ɗaya, sai ya suɓuce masa ya faɗi a kife. Na ɗauko. A bayansa akwai rubutu da fensir, manyan baƙaƙe a karkace: sabulu, ashana, baƙin zare.

Ya karɓa ya daɗe yana kallo.

"Hannun Mamanku ne," ya ce. "Ita ke yanka mini su. Duk kwalin da ya shigo gidan nan sai ta ajiye, ta sa almakashinta na ɗinki ta daidaita. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma ta san lambobin. In na ɓatar da kati ita ke cewa, Malam, sha tara ce babu." Ya yi 'yar dariya. "Na taɓa kai su wurin masu buga littafi. Mutumin ya ce, littafi guda a kan kalma ɗaya, wa zai saya? 'Yan makaranta kuwa jarrabawa suke so, ba su da lokacina. Mijinki a kati na huɗu ya gudu. Ke ce mutum ta farko da ta wuce goma, Amarya."

Ya juya katin. Ma'anar ranar ita ce warkewa, ko mutum ya wuce wani baƙin ciki ya bar shi a baya. Ya karanta misalin sau ɗaya, bai tashi ya kwatanta ba, bai ba da labari ba.

"Wannan Bature ya ce ana yi," in ji shi. "Ni dai ban gani ba tukuna. Ɗazu kamar za ki yi magana?"

Na ce, "A'a Baba, ba komai."

Na shiga kicin na kunna famfo na yi kukana. Na san abin da na zaɓa, kuma na san ba zaɓa na yi ba, kasawa na yi.

Ana gobe jarrabawa muna kati na talatin da takwas. Baba ya ce kada in damu, waɗanda suka rage ba su cika fitowa ba. Da safe ya rako ni har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in saurara da kyau, in na ji kalmar kada in yi gaggawa.

A ƙaramin ɗakin taro na hawa na biyu aka yi. Rediyo ta riga ni shiga, ta fito tana washe baki, ta ce, "Ruwa-ruwa ne, duk na takarda ne." Aka kira ni. Sanyin ɗakin kamar cikin firji. Wani mutum mai tabarau a tsakiya, manaja a damansa da biro, sakatariya a bakin ƙofa. Ya gaishe ni, na amsa. Ya tambayi sunana, na faɗa. Na ce a raina, ashe abin da sauƙi.

Sai ya ɗago wata riga daga kan tebur, ya zama baƙo. Ya yi magana mai tsawo yana nuna aljihu. Na ga rigar sarai: ruwan toka, auduga da ɗan siliki, tabon biro a bakin aljihu, bai wuce kwana biyu ba. Na san abin da zan sa mata, na san ruwan sanyi take so, na san zafin da dutsen guga zai kai in tsaya. Da ya miƙo mini ita da kafin azahar ya ga aiki. Amma magana yake jira. Na buɗe baki, na ga Baba a raina ya rufe ido. Na nuna agogon bango na ɗaga yatsu huɗu.

Ya ajiye rigar. Ya ɗauki wayar tebur ya kara a kunne, ya nuna mini wata. Na ɗauka. Ya yi magana, ya jira. Ya sake faɗa a hankali, ya jira. Ina cikin haka tari ya sarƙe ni. Sai mutumin ya juya wajen sakatariya ya ce, "Get her some water."

Wallahi ban san lokacin da amsa ta fito daga bakina ba. Sati biyar ana tambayata abu ɗaya, ga shi ya zo, tsaf, ba ko shakka. Ɗauko wa wani abu. Na ɗaga murya har da murna na ce, "Seven!"

Mutumin ya dubi manaja, manaja ta dubi takardarta ta rubuta wani abu gajere. Aka kawo ruwan, na shanye, na yi godiya da yarena na fito.

Ƙarfe uku aka fara kiranmu ofis ɗaya bayan ɗaya. Mu huɗu ne muka faɗi. Manaja ba ta yi mini wulaƙanci ba, ta ce ta ji labarin aikina, amma doka ce daga sama, kuma an duba rajista an ga sau ɗaya na halarci aji. Ban yi musu ba. Na mayar da rigar aiki da makullin keke. Na sauka na kwashe abin da yake nawa: kofin shayi, silifas, da farin tsumman da nake ɗorawa kan siliki in zan goge, wanda ya fi wasu ma'aikatan daɗewa a wurin. Rediyo ta riƙe mini leda ina zubawa. Ranar ce kaɗai na ga bakinta ya mutu.

Na iso gida biyar saura. Baba na baranda, farar riga, kujeru biyu. Tun daga nesa ya miƙe.

"Ta fito?"

"Ta fito, Baba."

"Lamba nawa?"

"Bakwai."

"Kin gane ta?"

"Yana faɗa na gane."

Ya tafa hannu ya ce, "Madalla, ɗaliba! Ban gaya miki ba?" Yana cikin dariyar idonsa ya sauka kan ledar. Silifas ɗin ya leƙo, ga hannun kofi. Ya dube ni. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana raba sakamako ba sai an gaya masa ba.

Ya koma ya zauna a hankali. "Me suka tambaye ki?"

Na gaya masa: riga, waya, lokacin dawo da kaya. Ya buɗe gwangwanin, ya tura katunan gefe, ya zaro wata takarda a ninke daga ƙasa. Tawa ce, ta ranar farko, duk jan biro. Ya sa tabarau ya bi ta layi-layi da yatsa.

"Waɗannan ne?"

"Su ne."

"Su kaɗai?"

"Su kaɗai, Baba."

"Kuma kin san haka tun farko."

Na gyaɗa kai.

"Me ya hana ki gaya mini, Amarya?"

Ban yi niyya ba, amma idona ya kai kan kwanon abincinsa na rana da ke gefen kujera, wanda ya cinye har ya suɗe. Ya bi idona da kallo. Ya daɗe yana kallon kwanon nan. Sannan ya mayar da takardar, ya rufe gwangwanin, ya danna murfin ta kowace kusurwa, ya ajiye shi a kan kujera. Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa.

Abincin yamma ya dawo ba a taɓa ba. Na washegari ma haka. Na kira maigida, yana hanya, sai jibi. Ya ce, "To yanzu ya za mu yi?" Na ce ban sani ba, kuma gaskiyata na faɗa. Na wuni a gida ban san inda zan sa hannuna ba. Na goge duk kayan da ke gidan, har labule, har farar rigar Baba da ya bari a kan igiya.

Rana ta uku, ƙarfe biyar, na share baranda. Na jera kujeru biyu, na goge allo, na ajiye alli. Na je ƙofarsa na ƙwanƙwasa.

"Baba, biyar ta yi. A talatin da takwas muka tsaya."

Ƙofar ba ta buɗe ba.

Na koma na ɗauko gwangwanin, na zauna a ƙasa a bakin ƙofar, na ɓalle murfin. Na ƙirga da yatsa har na kai kati na talatin da tara, na zaro shi. Kwalin maganin tari ne, gefensa a daidaice, rubutun Baba sirara a jere. Na gane haruffa ukun nan a tsakiyar kowane layi, sauran kuwa ko ɗaya.

"Baba," na ce, "wannan ba zan iya karanta ta ni kaɗai ba."

Na kasa kunne. Can na ji gadon ya yi ƙara. Ban sani ba ko tashi yake yi ko juya wa ƙofa baya. Na riƙe katin na ci gaba da zama, rana tana sauka daga kan bango.